Yekuwa: masanin kiwo na bukatar takardar shaida ta biyu

Duk wanda ya san kudancin jahar Damagaram ya san cewa a ƙasar Yekuwa, cikin gundumar Magarya, daji ya kusa ƙarewa. Gona tana manne da gona tun daga bakin gari har zuwa iyakar Najeriya, kuma haka abin yake in aka nausa gabas zuwa Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gunduma ta kanta a shekarar 2011. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutane sama da 570,000 a gundumar Magarya, da kuma sama da 350,000 a ta Dungas. Inda mutane suka yi yawa haka, ba a barin fili ya huta, balle a bar wa dabba makiyaya mai faɗi irin ta arewa.

Amma ƙarancin daji bai kashe kiwo ba, sai dai ya mai da shi cikin gida. Da wuya a shiga gidan da babu turke. Akwai shanun huɗa da na jan amalanke, akwai ragon da ake turkewa domin layya, akwai awaki da kaji da zabi da agwagi, waɗanda mafi yawansu na mata ne. Abincinsu shi ne kara da harawa da dusa, da ƴaƴan gawo waɗanda ke zuba da rani lokacin da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa manoman Magarya da Matamai da Mirya suka yi suna wajen barin gawo ya tashi cikin gonakinsu. Fulani kuma suna nan da rugagensu, suna bin burtali da damina, suna jiran sakin gonaki da kaka. Ran da rumbu ya yi ƙasa, ko yaro ya kwanta ciwo, ko aka tashi aurar da ɗiya, akuyar nan ce ake kamawa a kai kasuwa, daga nan kuma dillalai su tura ta Maigatari ran Alhamis ko Mai'aduwa ran Lahadi, a ƙetaren iyaka. Watau dabba ita ce asusun talaka, kuma mutuwarta asarar asusu ce. Ƙidayar noma da kiwo da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta nuna Nijar na da dabbobi wajen miliyan 31, kuma jahar Damagaram ce ke kan gaba wajen yawansu.

A ɗaya gefen kuwa, ƙasar nan tana yaye masanan kiwo fiye da kowane lokaci a tarihinta. Jami'ar Yamai, wadda ta soma a 1971 kuma ake kira da sunan Abdu Mumuni tun 1992, tana da tsangayar ilmin noma mai sashen kiwon dabbobi. Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, ita ma tana da tata tsangayar. Likitocin dabbobi da yawa sun fito daga makarantar ƙasashen Afirka ta Dakar, wadda ta buɗe a 1968. Ɗalibin da ya kai matakin masta ko na dokta ya sha karatu mai zurfi: ya san yadda tumbin saniya ke narkar da kara, ya san lissafin abin da rago ke bukata domin ya yi ƙiba, ya san hanyar zaɓen iri, kamar yadda ake yi wa shanun Azawak a Tukunus ko jar akuya a cibiyar Maraɗi. Ya rubuta kundin bincike da Faransanci, ya kare shi gaban manyan malamai, an yi masa tafi.

Tambayar da ta rage ita ce: in aka ajiye wannan ɗalibi a gindin bishiya a Yekuwa, gaban mata ashirin masu awaki, ko zai iya sa su gane abu ɗaya da zai hana akuyarsu mutuwa? Takardar digirinsa ba ta ba da amsa ba, domin ba wannan aka jarraba shi a kai ba.

Inda sani ke tsayawa

Misalai ƙanana sun isa su nuna girman matsalar. Masana sun daɗe da sanin cewa in aka jiƙa busasshen kara ko ciyawa da ruwan farin takin zamani, wanda ake kira ure, aka rufe shi ruf na mako biyu zuwa uku, ƙarfin abincin yana ƙaruwa ƙwarai, dabba kuma ta fi cinsa. Littafi ya ce kilo 5 na taki cikin lita 50 na ruwa ga kilo 100 na kara. To, amma manomin Yekuwa ba ya da sikeli. Yana da tiya, yana da bokiti da jarka, yana ƙidaya kara da dami. Sai malamin ya je kasuwar garin da kansa ya auna tiyar wurin, domin tiya ba ɗaya take ba daga kasuwa zuwa kasuwa, ya ɗaga dami ya san nauyinsa, sa'an nan ya mai da lissafin littafi zuwa ma'aunin da mutane ke aiki da shi. Kuma tilas ya san yadda zai ja kunne ba tare da ya tsorata jama'a ba, domin ruwan takin nan guba ne in dabba ta sha shi tsurarsa. In aka yi kuskure sau ɗaya tunkiya ta faɗi, an rufe ƙofar wannan dabara a garin har shekara goma.

Haka maganar allura. A bakin mutane da yawa allura ɗaya ce, alhali kuwa akwai ta warkarwa akwai ta rigakafi. Ta rigakafi ba ta warkar da dabbar da cuta ta riga ta shiga jikinta. In an yi wa garke rigakafi, wata akuya da ke ɗauke da cutar ta mutu bayan kwana uku, labarin da zai zagaya shi ne allurar gwamnati ce ta kashe ta, kuma baɗi za a ɓoye awakin a bayan ɗaki. Wannan ɓuyan ma yana da tsohon tushe, tun zamanin jangali, lokacin da ƙidayar dabba take nufin biyan haraji. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka taurin kai ne kawai.

Akwai kuma tsaga kunne. A yaƙin da ake yi da annobar awaki da tumaki, akan yi wa dabbar da aka yi wa rigakafi alama a kunne domin a san wadda ta samu da wadda ba ta samu ba. A ƙasashen Sahel da dama an ga masu raguna suna ƙin wannan alama, saboda tsoron kada ta rage wa ragon daraja a kasuwa ko ta kawo shakka kan ingancinsa ga layya. Ba a warware irin wannan da ilmin ƙwayoyin cuta. Sai an zauna da liman da malaman gari da dillalai, kuma zaman yana da ladabinsa wanda ake koyo. Ga maganin tsutsar ciki da ake ba dabba bisa nauyinta alhali babu abin awo; ga magungunan jabu da ake shimfiɗawa cikin rana a kasuwa; ga kwanakin da ya kamata a jira kafin a sha nonon saniyar da aka yi wa allurar warkarwa. Duk ɗalibin ya san ƙa'idarsu. Isar da su ne aikin.

Mutanen Magarya sun ga wannan da idonsu a shekarar 2006. A ranar 8 ga watan Fabrairu aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji, cikin jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a jikin agwagi a Magarya, karo na farko a ƙasar Nijar. Ɗakin bincike ya faɗi sunan cutar cikin ƴan kwanaki. Abin da ya biyo baya kuwa aikin baki ne: a gamsar da mace cewa wannan cuta daban take da ciwon kajin da ta saba gani yana share akurki kowane hunturu; a gaya mata kada ta yi abin da kakanninta suka saba, watau yanka kaza mara lafiya kafin ta mutu domin kada a yi asarar nama; a sa ta yarda ta ba da lafiyayyun kajinta a kashe bisa alkawarin diyya. Mutumin da zai iya wannan magana ba a samar da shi a ranar da annoba ta sauka. Tun yana makaranta ake shirya shi.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Tarihin bushiya ya isa darasi. Wannan annoba ta shanu ta share garkunan Afirka a shekarun 1890, har tsofaffi suka riƙa lissafin shekaru da ita. A 1962 ƙasashen tafkin Cadi, watau Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru, suka soma babban rigakafin haɗin gwiwa, aka yi nasara, aka saki jiki, sai ga cutar ta dawo a farkon shekarun 1980. Allura mai kyau tana nan tun tuni. Abin da ya taimaka aka ƙarasa da cutar a wuraren da suka gagara, kamar yankin Afar na ƙasar Habasha da kudancin Sudan, shi ne samun allurar da ke jure zafi, da kuma horar da makiyaya daga cikin jama'ar wurin su yi rigakafin da kansu, tare da sauraron abin da makiyaya suka sani game da inda cutar take ɓuya. An ga bushiya ta ƙarshe a Kenya a 2001, kuma a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya. Likitocin da suka horar da waɗannan makiyaya sun zama malamai ne na dole, kuma da yawansu a bakin aiki suka koyi malantar.

Amurka ta daɗe da mai da wannan sana'a ta musamman. Dokar 1862 ta kafa jami'o'in noma a jihohi, dokar 1914 kuma ta ɗora musu nauyin kai sakamakon bincike ga manoma. Saboda haka a jami'o'insu da dama, ɗalibin da ke neman masta ko dokta a ilmin dabbobi yana iya ɗaukar wasu ƙarin darussa, ko na koyarwa a aji ko na aikin malamin gona, a ba shi takardar shaida ta daban wadda ake haɗawa da digirinsa. A ciki yakan koyi yadda babban mutum ke ɗaukar karatu, da yadda ake tsara shiri, da yadda ake auna ko shirin ya yi amfani, kuma yakan yi koyarwar gwaji ƙarƙashin idon wani malami. Ran da ya je neman aiki, mai ɗaukarsa ya san an jarraba shi a fanni biyu.

Ba sai an je nesa ba ma. A Samaru ta Zariya, kusa da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Jami'ar Ahmadu Bello tana da hukuma sukutum wadda aikinta shi ne mai da bincike ya zama bayani ga manomi. Asalinta ya koma 1963, kuma ta daɗe tana buga ƙananan littattafai da shirya shirye-shiryen rediyo da Hausa. Akwai kuma shirin gidauniyar Sasakawa na ilmin malaman gona, wanda ya soma a jami'ar Kef Kos ta ƙasar Gana a 1993, ya iso Zariya a 2002, ya iso Jami'ar Bayero ta Kano a 2007. Shi wannan shiri ta ɗaya ƙofar ya shigo: yana ɗaukar malamin gona da ya daɗe yana aiki, ya kai shi jami'a ya sami digiri. Amma abin koyi a cikinsa shi ne sharaɗin da ya kafa, cewa ɗalibi ba ya gamawa sai ya koma cikin manoma na tsawon watanni, ya ɗauki wata matsala tasu ta gaskiya, ya yi aiki da su a kanta, malamansa su biyo shi har ƙauyen su ga abin da ya yi. Bugu da ƙari, a Najeriya mai digirin da ba na malanta ba, in yana son a yi masa rajistar malami, sai ya ƙara difloma ta koyarwa a kan digirinsa.

Gadon da ke cikin gida

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage; hasali ma ta taɓa zama abin kwatance. A farkon shekarun 1960, a Matamai maƙwabciyar Magarya aka yi gwajin aikin waye kan mutanen karkara, inda gari ke zaɓen mutanensa a ba su horo na ƴan kwanaki su koma su zama idon jama'a. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda ake sauraron shiri a dandali, a yi muhawara, a ɗauki muryoyin mutane a mayar wa gidan rediyo. A 1963 aka soma yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa, wanda ya ba manoma damar karanta sikeli da rubuta lissafin gyaɗarsu da kansu a kasuwannin ƙungiyoyin haɗin kai. A 1977 aka buɗe a Yamai makarantar horar da jami'an yaƙi da jahilci, wadda a yau ake kira IFAENF. Mutanen da suka fito daga wannan gida su ne suka fi kowa a ƙasar nan sanin yadda ake koyar da magidanci mai shekara hamsin ba tare da an kunyata shi ba. Abin mamaki ne a ce ga su ga masanan kiwo a birni ɗaya, amma kowa da ƙofarsa.

Sauran kayan aikin ma suna nan. Makarantar IPDR ta Kollo tana horar da ƙananan jami'an raya karkara, har da na kiwo. Daga 2003, farawa da yankin Dakoro, an soma tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da jama'a, inda likita ɗaya ke jagorantar mataimaka da yawa da aka zaɓo daga ƙauyuka. Irin wannan likita rabin aikinsa horar da mataimakansa ne. Ƙungiyar majalisun manoma ta RECA tana amsa tambayoyin manoma da makiyaya ta wayar salula da saƙon murya na WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci. A 2017 kuma gwamnati ta kafa hukumar APCA domin tsara aikin ba manoma shawara a ƙasa baki ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana bukatar mutum mai zurfin ilmi wanda kuma ya iya koyarwa. Ana karantar da darasin yaɗa dabarun noma a tsangayoyin noma, ɗalibai kuma sukan fita karkara neman bayanan bincikensu. Sai dai zuwa ƙauye domin yi wa mutane tambayoyi a cika takarda wani abu ne, zuwa domin a bar musu wani sani da za su yi aiki da shi wani abu ne daban.

Yadda takardar ya kamata ta kasance

Abin da ake magana a kai shi ne takardar shaida ta biyu, wadda ɗalibin masta ko na dokta zai nema da son ransa, a gefen digirinsa, jami'a ta ba da ita tare da haɗin gwiwar masu ilmin koyar da manya. Ɓangarenta na farko na aji ne. Da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai malamai za su zama, ko a jami'a, ko a Kollo, ko a makarantun sana'a. Sai a koya musu shirya darasi da tsara jarrabawar aikin hannu, a sa su koyar a gaban wani gogaggen malami wanda zai gyara musu. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, domin babbar makarantar horon malamai ta Yamai ta san hanyarsa.

Ɓangare na biyu shi ne mai nauyi, kuma ba a yinsa a Yamai ko a Maraɗi. Ɗalibi ya tare a gari irin Yekuwa na tsawon rani guda, daga sakin gonaki zuwa faɗuwar ruwa, domin a wannan tsakani ne dabba ke ramewa, harawa ke tsada, kaji ke mutuwa. Ya zauna ƙarƙashin jami'in kiwo ko likitan yankin. Makonnin farko kada ya koyar da kome, ya saurara. Zai tarar cewa sunayen cututtuka na Hausa da na Fulatanci ba su faɗa daidai kan sunayen littafi ba: ciwon huhu ko zawo a bakin mai dabba yana iya ɗaukar cututtuka biyu ko uku, saifa da harbin daji kuma kowa da alamar da yake gane su da ita. Zai tarar da Bafillatanin da ya fi shi sanin ciyawar da ke kawo nono da wadda ke kumbura ciki. Wanda ya soma da raina wannan sani ya gama aikinsa tun bai fara ba.

Daga nan sai shi da mutanen garin su zaɓi matsala ɗaya tak, ko ajiyar harawa a inuwa domin kada rana ta cinye amfaninta, ko rigakafin kaji kafin hunturu, ko lissafin ribar ragon turke, wanda masu kiwo da yawa ba sa sa kuɗin dusa da na kanwa a cikinsa. Ya koyar da ita da hannu, a bakin turke. Ya rubuta ƙaramin littafi na shafi kaɗan da Hausar da ɗan yaƙi da jahilci zai karanta ba tare da tuntuɓe ba, kuma in da hali a fitar da shi da ajami, tun da magidanta da yawa a yankin sun bi ta makarantar allo. Ya shirya shiri ɗaya a gidan rediyon karkara. Sa'an nan, bayan wata uku ko huɗu, a dawo a ƙidaya: gida nawa ne ke yin abin, gida nawa suka gwada suka bari, kuma don me suka bari. Wannan ƙidaya ita ce jarrabawar. Cikin masu yanke masa hukunci, ban da malamin jami'a, ya kamata a sami jami'in yaƙi da jahilci da wakilin masu kiwo, domin su ne za su iya cewa an gane ko ba a gane ba.

Akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko suna cewa shekarar karatu ta riga ta cika ta batse, ɗalibai na fama da jinkirin alawus, wa zai biya kuɗin zaman wata shida a karkara? Gaskiya ne, kuma in ba a ware kuɗin ba, ƴaƴan masu hali kaɗai za su sami takardar. Amma ayyukan raya karkara da ke cikin jahar Damagaram suna kashe kuɗi kowace shekara wajen ɗauko masu ba da horo, kuma wani kaso na wannan kuɗi zai iya ɗaukar nauyin ɗalibai. Na biyu suna cewa takardu sun riga sun yi yawa, kowane taron kwana uku sai an raba shaida. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa takardar da ba a sha rana kafin a same ta ba gara a bar ta. Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, ko da yake ba a cika faɗinta a fili ba: a idon jami'a, darajar malami tana ƙaruwa da maƙalar da ya buga a mujallar waje da Faransanci ko Ingilishi, littafin Hausa na shafi goma sha biyu kuwa ba ya ƙara masa ko taki ɗaya. Muddin ma'aikatar kiwo da ta ɗaukar ma'aikata da masu ayyukan raya karkara ba su sa wannan takarda cikin abin da ake dubawa wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma ba, ɗalibi mai hankali zai ga ɓata lokaci ce, kuma ba za a ga laifinsa ba. Nan ne maganar ta fita daga hannun malaman jami'a ta koma hannun hukuma.

Maganar harshe kuwa ta sami sabon matsayi. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 kan ilmi a Afirka ya nemi a koyar da mutane cikin harsunansu. Amma jin Hausa tun daga nono bai isa ya sa mutum ya iya bayyana yadda rigakafi ke aiki a jikin dabba da Hausa ba. Da yawa daga cikin ɗaliban nan Hausawa ne, amma da zarar magana ta shiga ilmi sai baki ya juya Faransanci, saboda da shi aka zuba musu karatun. Kalmomin sai an nemo su, an gwada su a kunnen jama'a, an ajiye waɗanda suka zauna. Kowane ɗalibi da ya yi rani guda a karkara zai dawo da ɗan ƙundin kalmomi, kuma in jami'a ta tara su za ta sami ƙamus na kiwo wanda ba a ofis aka ƙaga shi ba.

Lokaci kuma yana matsowa. A taron Abijan na watan Afrilun 2015, ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da annobar awaki da tumaki kafin ƙarshen 2030, kamar yadda aka yi wa bushiya. Allurar tana da inganci, kuma dabbar da ta samu tana daɗewa da kariya. Wahalar ita ce sai aƙalla kashi 70 cikin 100 na garke sun sami kariya kafin cutar ta daina yawo, ga shi kuwa awaki na haihuwa da sauri, ana sayarwa ana yankawa, kowace shekara garken sabo ne. A Yekuwa da Dungas awakin nan suna ɗaure a cikin gida, a sashen mata, inda baƙon namiji ba ya shiga sai da izinin maigida. Saboda haka ɗalibai mata na tsangayoyin noma su ne suka fi cancanta a fara ba wannan horo, kuma matan da suka sami takardar yaƙi da jahilci a waɗannan garuruwa su ne za su riƙe musu littafin rajista, su rubuta gidan da aka shiga, da yawan awakin da aka yi wa allura, da ƴaƴan awakin da ba su kai wata uku ba waɗanda sai an dawo musu a zagaye na gaba.